Kujera ta Bakwai

A ƙasan ɗakin karatu na unguwarmu a Toledo,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho,
aka jera mana kujerun ƙarfe guda tara.
Tawa ce ta bakwai, mai ɗingishi.
Na cusa mata takarda a ƙafa, na zauna.

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar 'yan makaranta,
ban taɓa zaton za a rubuta Odessa Whitlow a jikin kwali
a ce ni ce mai bin bahasin masu bindiga ba.

Ƙanƙara na zuba a waje. Shayi ya huce.
Awa uku muna ja-in-ja a kan kalma.
Lauyan birni ya ce a rubuta
'yan sanda "na iya" ba mu hoton kyamara.
Fasto Pettiford ya ce "dole".
Tsakanin "na iya" da "dole"
akwai minti goma sha ɗaya
da kyamarar ƙirji ta mutu
a daren da muƙamuƙin Lamont ya rabe gida biyu.
Uwarsa na layin baya, jaka a cinya.
Har yau tace masa miya take yi
ya zuƙa ta bututun roba.

Sai wakilin 'yan sanda ya miƙe.
Na san wannan ƙeyar.
Kujera ta huɗu, hannun hagu, cikin madubina,
yaron da ke amai duk Litinin,
mai tsoron karen gidan kan kwana.
Yanzu ga baje a ƙirji, murya ta buɗe.
Ya ce aikinsu da haɗari. Ban musa ba.
Na ce, Casimir, ka tuna madubin nan?
Ba don na tsane ku nake leƙa shi ba.
Wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane
ba ya tuƙi da ido ɗaya.
Ya sunkuyar da kai.
Murmushi ne ko haushi, ban gani ba.

Aka ɗaga hannu. Biyar da huɗu.
"Dole" ta shiga takarda,
ga majalisar birni, ga ƙungiyarsu, ga kotu,
kowa na jiran ta da almakashi.
Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mai shara ya kashe rabin fitilu.
Muka naɗe kujeru.
Uwar Lamont ta riƙe min ƙofa.
Ba ta ce an gode ba,
ta ce, "Wata mai zuwa, ƙarfe nawa?"