Haruffa Biyu

Bayan lisha, a zauren gidan haya a Gagarawa,
na jingina tocila da butar alwala.
Littattafai arba'in da ɗaya a kan tabarma,
jan biro a hannuna
kamar mai gadin gero da ke jiran jan-baki.

Tun Litinin nake nanata musu:
sifa maƙwabciyar suna ce, katangarsu ɗaya,
bayanau kuwa aikatau yake bi,
yana jan wutsiyarsa, ly.
Quick ya koma quickly.
Happy sai ya tuɓe y, ya saka i,
sannan a ɗaura masa.
Suka maimaita har kwanon rufi ya amsa.

To, ga girbin.
Tabawa ta rubuta beautiful da l biyu a ƙarshe,
a ganinta ba a yi wa abu mai kyau rowa.
Wasulan nan uku na bakin kalmar,
masu turereniya kamar awaki a ƙofar garke,
ta kori ɗaya ya kwana a waje.
Sa'idu ya liƙa wa fast jela,
bai san shi haka aka haife shi ba.
Na yi dariya, na ja layi, na wuce.

Sai littafin Tasi'u, ɗan Haladu mai riɗi.
Ya danna biro har takarda ta huje:
My father works hardly.

Na ajiye biron.

Na san Haladu.
Kafin ladan ya gyara murya
ya riga ya ɗaura wa shanu garma.
In ka ba shi hannu,
kantar tafinsa ce ke fara gaishe ka.
Yaron ya bi dokata sau da ƙafa,
ita kuma ta kai shi ta baro:
wutsiyar ta murɗe zancen,
ta ce da ƙyar uban ke taɓa aiki.
An yi wa Haladu ƙazafi da hannun ɗansa,
allina ne kuma ya ba da shaida.

Na soke haruffa biyu, a hankali,
kada ja ya yi yawa a kan mutum.
Gumin Haladu ya dawo masa.
Ban rage maki ko ɗaya ba.

Gobe, kafin kiran suna,
zan share allo da kaina,
in ce musu: jiya rabin magana na ba ku.

Tocila ta soma ja.
Saura littafi goma sha tara.