Inda Ke Zafi

Ya Ubangiji, ni ce kuma, Afiniki,
mai wankin gyambo a Babbar Ruga.
Yau ban zo da waƙa ba.
Na zo da hannuwa masu warin magani
da wata magana da nake so in janye.

Shekara huɗu ina roƙonka abu guda:
ka zare mini Irmiya daga ƙirji
yadda ake zare ƙaya.
In ba ta zaruwa, na ce, ka kashe wurin,
ka mai da shi kanta,
in ji sunansa kamar an ce gishiri ko ashana,
in wuce Ƙofar Ƙwaya
ban nemi shagon gyaran rediyo da wutsiyar ido ba.

Ai kana nan, ba sai na ba ka labari ba.
Lahadi biyu aka kira sunanmu a coci,
ta uku mai sanarwa ya tsallake takardar,
matan zumunta suka shiga gyaran ɗankwali
don kada ido ya haɗu da ido.
Shinkafar biki muka ci ta har Ista,
kowace loma da tsakuwarta.
Ankon da ƙawayena suka ɗinka
har yau yana tare ni a kasuwa,
ya koɗe, ya koma zanen goyo a bayan wata.

To, da safen nan aka kawo Baba Nomau.
Ƙusa ta kwana uku a tafin ƙafarsa,
shi kuwa yana ta labarin geronsa,
wai bana tsuntsaye sun yi masa adalci.
Ina tono, yana dariya.
Ina yanke mataccen nama, yana tambayar farashin taki.
Sai almakashi ya kai gefe,
tsoho ya zabura, ya ce, “Wash!”
ya riƙe mini wuyan hannu, idonsa ya kawo ruwa.
Na ce, “Sannu, Baba, yi haƙuri.”
Ya ce, “Haƙurin me, ’yata? Sake taɓawa.
Inda ke zafi, nan ne nawa.
Sauran, cuta ta daɗe da saye.”

Na naɗe ƙafar, na fita bayan ɗakin magani,
na zauna a kan bulo ƙarƙashin bedi.

Ashe kuturtar zuciya nake roƙo.
Shekara huɗu, da azumi, da kwanan coci,
ina ƙwanƙwasa ƙofarka
ka ba ni abin da nake yaƙa da shi tun safe har la’asar.
Na gode da ka hana ni.
Ban ce na ji daɗin hanin ba.

Ya Yesu, kai da ka fito daga kabari
ba ka shafe tabon hannunka ba,
ka bar shi a buɗe har mai shakka ya duba,
ga nawa.
Na kwance tsumman da na ɗaure shi da shi,
na “ba komai”, na “ai ya wuce”.
Yana wari, na sani. Ka saba.
Ka zuba ruwan gishiri, zan yi ƙara, kada ka fasa.
Ni ma haka nake yi wa mutane,
kuma na san gyambo ba ya warkewa daga sama,
daga can ƙasa nama ke tasowa,
ja, ɗanye, mai saurin jini,
kullum sai an buɗe, kullum sai an wanke.

Batun yafiya kuwa,
ba zan yi maka ƙarya ba, ban kai ba tukuna.
Abin da na iya yau shi ne wannan:
Irmiya.
Ga shi na faɗa a gabanka, ban haɗa da komai ba.
An ce ’yarsa ta fara tafiya.
Ka tsare ƙafarta daga ƙusa.

Gobe da safe Baba Nomau zai dawo wanki.
Ni ma.
Amin.