Sha Biyu da Huɗu

Bur Sudan, ƙarfe biyun dare.
Janareta na tari a bayan gini,
gishirin teku ya ci ƙyauren ɗakin na'urori.
Faifai sha shida a jere cikin akwati,
kowanne da 'yar fitila kore kamar idon mage.

Ustaz Mudassir ya bar min takarda:
wuri ya kusa ƙarewa, ki rage.

Takarda in ta shigo, a yayyanka ta sha biyu,
a fitar da wasu huɗu daga jikinta, na ko-ta-kwana.
Huɗun nan ba kwafi ba ne, lissafi ne.
Ko faifai huɗu sun mutu a dare ɗaya,
sauran za su haɗa kai su faɗi abin da ya ɓace,
ko wasali ba zai goce ba.
In na biyar ya bi su, sai salati.

Aji biyu gare ni.
Mai huɗu, mai cin wuri kamar baƙon da ya zo da iyali.
Mai biyu, na rangwame, kwana da ido ɗaya.

Takardun haihuwa na asibitin Madani,
da suka iso cikin buhun gawayi a bayan lori: huɗu.
Hotunan taron ma'aikata, shayi da jawabi: biyu,
ko a jikina.
Sai muryoyi, sa'a ɗari uku,
tsofaffin Maiwurno na faɗin yadda kakanni suka taho daga yamma a ƙafa.
Nan yatsana ya tsaya.

Mu bakwai Inna Hurera ta haifa.
Addu'ar da take yi in za a zuba iri,
babu wanda ya riƙe ta duka.
Bara muka harhaɗa ta a waya,
Ta-Sallah daga Kasala, Gambo daga Jidda,
ni da tsakiyarta, Sa'idu da amin.
Ƙarshen yana bakin Balarabe,
wayarsa kuwa tun kaka a kashe.

Na rubuta huɗu.
Gobe na san abin da zan ce wa Ustaz.

Na'ura ta tuna min, ba da faɗa ba:
lambar da kika sa yau
ba ta komawa kan abin da aka rubuta jiya.
Na sani, na ce mata.

Kafin kiran assalatu
fitila ta tara ta koma ruwan ɗorawa.
Na jawo aljihun tebur.
Sabon faifai ɗaya ya rage, a ledarsa.