Baƙuwa Mai Ƙirga Kwana

Shekara ashirin da biyu ina gindin dogon yaro
a ƙofar kotun Jega, ni da tafireta,
har harafin "k" ya gaji ya karye,
na koma cike gurbinsa da biro.
Masu ƙara suka fara wuce ni,
wai takardata giɓi gare ta kamar bakin tsohuwa.

Sai ga Zayyanu ranar kasuwa,
jaka a kafaɗa, harshe kamar an tsoma a zuma.
Ya ce, "Baba, kwamfuta ce, kuma ba sai gona ta tafi ba.
Kafin alƙalami dubu goma sha biyar,
saura ɗari bakwai kullum,
kamar zubin adashinka wajen Tumba.
Ran da ka cika, taka ce har wayar cajinta."
Na ce, "Ran da babu fa?"
Ya ce, "Ba ta faɗa da kowa. Barci take komawa."

Tunkiya ta tafi.
Na naɗo baƙuwa a zanen mai ɗakina,
na rungumo ta bayan kabu-kabu kamar jinjirar kwana bakwai.
Shafa'atu, autata, ita ta zama malama:
"A hankali, Baba, ba gero kake sussuka ba."
Yatsun da suka saba duka
sai da suka koyi lallashi da shafawa.

Kwana arba'in muna zaman lafiya.
Sannan sama ta ɓalle kwana uku,
alƙali ya tafi ta'aziyya Gwandu,
ko mai neman takardar haihuwa bai leƙo ba.
Abin da ke aljihu ya zama garin tuwo.
Ban zuba ba. Na ce ai ta san halina,
yau da gobe ta wuce a ce ba a saba ba,
baƙon kwana arba'in ai ya san hatsin gida na ƙarewa.

Ran na huɗu Arzika ya iso daga Aliero,
warin albasa na gaba, shi yana biye.
Buhu sittin wani dillali ya kwasa
tun kafin azumi, har yau sai "gobe".
Na fara: "Ina mai kai kukana gaban..."
Sai fuskarta ta yi baƙi.
Layi ɗaya ya rage, fari fat:
a biya kafin a ci gaba.
Arzika ya leƙa, ya dube ni, ya ce,
"Malam, ashe kai ma bashi ka binka?"
Mai bin bashi da wanda ake bi
muka zauna benci ɗaya muna dariya, ni tawa ta kunya ce mai ciwo,
shi kuwa har da tafawa.

Ya kwance bakin aljihu ya ba da kuɗin aiki tun ba a yi ba.
Yaron shagon tura kuɗi ya latsa,
lambobi goma sha biyu suka faɗo wayata,
na shigar da su ɗaya-ɗaya kamar mai ba mara lafiya kunu.
Ta buɗe ido.
Kukan Arzika na nan inda muka bar shi,
ko ɗigo bai ɓace ba, yana jiran ƙarasawa.

Yanzu bayan ƙyaurena akwai zanen alli.
Saura ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Ban sani ba, ni ke kiwonta ko ita ke kiwona.
Tafireta na ƙarƙashin gado, ba ta taɓa tambayata sisi ba,
ba ta kuma ƙara kawo sisi ba.

Da dare kuwa, in na ce a rufe,
Shafa'atu kan ce, "Mun biya har sha biyu, Baba,
kada mu bar musu ko minti."
Sai in kwanta ina jin yatsunta,
ƙas-ƙas, kamar yayyafin farko kan kwano,
tana rubuta abin da ban san shi ba,
da "k" ɗinta cikakke, babu mai cikewa.