Irin Kindirmo

Tasi'u ta ƙofa ya fito,
a ɗakin kakarsa, Unguwar Mu'azu, ana ruwan Agusta.
Mudan kuwa ta taga aka ɗauko shi,
asibitin Kawo, ƙarfe uku na dare,
janareta na tari a bayan gini,
wuƙa ta ja layi ƙasan cibiyata.

Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya.
Tasi'u kamar sillen kara.
Mudan, shekara tara, wandon yayansa ba ya shigarsa.
'Yan ajinsu na ce masa Buhu.
Bai faɗa mini ba; a bakin 'yar maƙwabta na ji.

Ranar awo Sista Rifkatu ta dubi sikeli, ta dubi kati.
Ta ce: Tiyata ce?
Na ce: Tiyata ce.
Ta ce wai a hanjin kowa akwai gari guda,
ƙwayoyin da ido ba ya gani,
su ke tarbar tuwo kafin jini ya karɓa.
Wai a hanyar fitowa jariri ke ɗiban nasa wurin uwa,
wanda aka ciro ta sama
sai ya tsinci abin da ya tarar.

Na ce: To, ni na ja masa?
Ta ajiye biro.
Ta ce: Masu binciken ma bakinsu bai zo ɗaya ba.
Da ba a yanka ba, wa za ki kawo awo?

A cikin keke, wajen Kasuwar Bacci,
na tuna Yafendo mai nono,
yadda take ɗiga tsohon tsami a sabuwar madara,
ta rufe ƙwarya ta kwana.
Ba iri, ba kindirmo.
Ashe akwai guzurin da ban ba shi ba,
ban ma san ina ɗauke da shi ba.

Yanzu daddawa ta ƙaru a miya.
Wake, rama, kwaɗon zogale,
kindirmo ba sukari, yana sha yana yamutsa fuska.
Lemon kwalba sai ranar suna.
Sikeli bai ce komai ba tukuna.

Jiya da dare ya ɗora kunne a kan tumbinsa, bai kai ba,
ya ce: Umma, su waye a ciki?
Na ce: Baƙi ne, sun makara a hanya.
Ci, kada su kwana da yunwa.