Hanyar da Ƙafa Ta Zaɓa

Bayan shagon wanki, a Harehills ta birnin Leeds,
akwai wani kangon fili da kowa ya sallama.
Katifa biyu sun ruɓe a ciki,
keken kanti ya kwanta rigingine, tayoyi sama.
Shekara goma sha ɗaya ina ratsa shi zuwa tashar bas,
ban taɓa yi masa kallon kirki ba.

Sai ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa:
hukuma za ta yi lambu, a zo a faɗi ra'ayi.
Na yi tsaki. Na san irin wannan kira,
sai an sauke tukunya ake tambayar ka gishiri.
Lantana ce ta ja ni, autata,
shekara goma sha huɗu, baki kamar reza.

Ɗakin taron laburare, shayi a kofin takarda.
Wata Madam Braithwaite ta shimfiɗa taswira
tsaf, kamar zanen gadon asibiti:
hanya miƙaƙƙiya, furanni a sahu,
famfo mai feshi a tsakiya.
Mu manya muka gyaɗa kai.
Gyaɗa kai ba ya cin ko sisi.

Can baya wani yaro, Kieron, hular sanyi har gira,
irin waɗanda nake sauya gefen titi in na hango,
ya ce: "Ƙarfe huɗu duhu yake yi a hunturu.
Ku ba mu fitila kafin fure."

Ɗaki ya yi tsit.

Lantana ta ce lilo, amma ba na jarirai ba,
mai faɗin da zai ɗauke ta da ƙawarta Zofia,
don 'yan mata ma suna son wurin zama
da ba sai sun sayi komai ba.
Tsoho Pryce ya buga sanda, ya nemi benci mai majingina
ya fuskanci kudu, inda rana ke leƙowa in ta ga dama.
Anti Shazia ta ce a bar mata lungu guda, na na'ana'a.

Sai Idil, wadda haɓarta da kyar ta kai tebur,
ta ɗora yatsa a kan hanyar nan miƙaƙƙiya:
"Ba nan ake bi ba."
Ta fita. Muka bi ta cikin yayyafi,
har da Madam, taswira a kai maimakon lema.
Ga shi kuwa: wani siririn layi a karkace,
ciyawa ta mutu, ƙasa ta daddaɓe,
daga shagon wanki zuwa tashar bas.
Sawun unguwa ne. Har da nawa a ciki.

An ce abin da babba ya hango,
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
Ran nan yarinya ba ta hau komai ba,
ƙasa kawai ta duba.

Madam ta ciro fensir, ta juya shi ta wajen magogi.

Kada in yi ƙarya, an sha rigima.
Masu karnuka da masu ƙwallo sun yi wata uku ba sa gaisawa.
Kuɗi suka gaza, famfo ya mutu a takarda,
lilo uku ya koma ɗaya.

Ni da aka zo kaina, sai na rasa ta cewa.
Tsamiya ce a bakina, amma sanyin nan zai kashe ta.
Na ce, "Bishiya dai."
Aka ba ni tuffa, siririya kamar sandar makiyayi.
Ina ba ta ruwa, a ƙasar da sama ba ta gajiya da zuba.
Pryce yana yi mini dariya daga bencinsa.

Jiya na sauko daga aikin dare, gari bai waye ba.
Fitilun Kieron suna ci, guda shida.
Na bi hanyar, karkatacciya yadda ƙafa ta so,
na tarar da shi zaune a kan lilo, shi kaɗai.
Ya ɗaga mini hannu.
Ban sauya gefe ba.