Riyal Ashirin

Ƙarfe goma na dare, Ardebjumal ta yi tsit,
sai janaretan maƙwabci da ke tari.
Na shimfiɗa tabarma a kan soro,
nan kaɗai rezo ke yarda ya sauka,
wani daren ma na Kusuri ne, ya haye kogi ba kwalekwale.
Kuɗin cefanen Laraba na zuba a waya.
Miyar gobe ba nama. Na sani.

Shekara goma sha bakwai ina shaƙar alli,
yau ga ni ɗaliba, neman digiri na biyu,
a ajin da ba shi da ƙofa balle taga.
Mu ashirin da shida, kowa a ɗan akwatinsa:
wani a Maraɗi, fanka na kaɗa masa wuyan riga,
wata a Duwala, ruwa na dukan kwanon ɗakinta.
Malamarmu kan daskare baki buɗe,
rabin kalma a leɓe,
mu yi ta jira kamar fasinjan da motarsu ta mutu.

Da ta narke sai ta ce:
"Kada wanda ya kawo mini amsa daidai.
Ku nemo kuskure guda, ku zauna kusa da shi,
ku tambaye shi daga wane gida ya fito."

Na yi dariya ni kaɗai.
Kuskure? Tasa'in da huɗu gare ni a aji ɗaya,
jan birona ya ƙafe sau uku tun Oktoba.

Da safe na zaro takardar Jimet,
ɗan bencin ƙarshe, mai ƙaurin bandar kifi,
wanda kullum ƙararrawa ke riga shi shiga.
Tambaya: mangwaro huɗu, kowanne sefa ashirin da biyar.
Ya rubuta 20.
Ni kuwa na zana masa ƙwai, na ja layi biyu a ƙasa.

Na kira shi lokacin tara. Ya zo yana kare kunne.
Na ce, ba duka ba ne, gaya mini kawai.
Ya daɗe yana duban silifas ɗinsa.
"Madam, ai riyal ashirin ne."

Riyal ashirin.
Sefa ɗari cif.
Haka uwarsa ke ƙirga a kasuwar Dembe,
haka tawa ta ƙirga har ta koma ga Mahaliccinta,
haka nake taya tumatir kowace yamma,
in na zo aji in tuɓe wannan harshe a bakin ƙofa
kamar takalmi.
Yaro ya ninka, ya koma ya raba da biyar,
da ka, ba alli, ba yatsa.
Ya yi aikin mutum biyu, na sallame shi da sifiri.

Su nawa ne cikin shekara goma sha bakwai?
Wannan lissafin
ni malamar lissafi ban so in yi shi ba.

Daren Alhamis na ɗaga ɗan hannun rawaya a allon waya.
Na ɗauko labarin, ina kaiwa kan "riyal"
wuta ta ɗauke, rezo ya koma ƙetare.
Ban lura ba. Na ci gaba,
na ƙarasa wa tankin ruwa da jemagu bayani,
har da misali.

Sai da asuba saƙo ya faɗo daga na Maraɗi:
"Mu nan dala muke cewa.
Na kwana ina duba tsofaffin takardu.
Jimet uku gare ni."

Litinin na tsaga allo gida biyu,
sefa a dama, riyal a hagu,
na miƙa wa ɗan bencin ƙarshe alli.
Ya riƙe shi kamar wuƙar gyaran kifi.
Aji ya yi ta jefo farashi, yana cafewa,
har masu barci suka tashi taya albasa.

Ƙwan nan yana nan a takardarsa,
jan biro ba ya goguwa.
Sai na rubuta biyu a hagunsa.
Ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa.
"Madam, wannan ashirin ɗin,
sefa ne ko riyal?"